Ruwan Da Ya Sauka A Kan Kwalta, Na Wa Ne?

A Amurka, gari mai mutum 15,000 da ke gefen babban birni ba shi da ikon barin ruwan sama ya bi kwatocinsa ya faɗa rafi sai da lasisi. Wanda ya fara jin wannan magana yakan ɗauka raha ce, ko kuma irin ƙaƙale-ƙaƙalen ƙasar da ta gama da yunwa ta koma neman abin da za ta yi wa doka. Ruwan sama dai daga Allah yake. Shugaban gari bai saukar da shi ba, ba kuma zai hana shi gangarawa ba. Duk da haka lasisin yana nan, ana sabunta shi duk bayan shekara 5, kuma kusan hukumomi 7,000 ne ke ƙarƙashinsa: galibinsu ƙananan garuruwa, sai jami'o'i da sansanonin soja da gidajen yari masu magudanan ruwa na kansu. Garin da ya yi watsi da sharuɗɗansa yana iya fuskantar tarar da doka ta yarda ta haura dala 60,000 a kowace rana. Kuma ba gwamnati kaɗai ke da ikon kai shi ƙara ba, ƙungiya ko mutum ɗaya da abin ya shafa ma yana iya maka shi a kotu.

Shekara 20 da ɗoriya ke nan shugabannin waɗannan garuruwa suna kuka da wannan kaya, kuma kukansu yana da tushe. Inda suka dosa da kukan ne kuskure yake, wato a janye lasisin ko a mai da shi nasiha. Dokar ta yi gaskiya da ta ce ruwan kwata yana da mai shi. Laifinta shi ne ta damƙa shi ga wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi, ta shata masa iyaka da layin taswirar gari wanda ruwa bai san da zamansa ba, sannan ta bar shi shi kaɗai da kotuna da 'yan siyasa a ranar da ya juya zai karɓi kuɗin aikin daga masu manyan filayen kwalta.

Abin da kwalta ke yi wa ruwa

Lissafin ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 25, wanda bai kai a kira shi mamako ba, zai zubo da lita 2,500, wato jarka 100 irin ta 'yan ga-ruwa. Filin ajiye motoci na babban kanti mai faɗin hekta 1 kuwa zai zubo da lita 250,000 a wannan ruwa guda. Da fili ne mai ciyawa da itatuwa, ƙasa za ta shanye mafi yawansa, ta riƙa sakinsa sannu a hankali ta ƙarƙashi, har rafi ya samu abin gudana bayan ruwa ya ɗauke. Kwalta ba ta shan komai. Cikin 'yan mintuna ruwan ya taru, ya faɗa bututu, ya fito bakin rafi da ƙarfin da zai ci gaɓa, ya tone gindin gada, ya binne wuraren da kifi ke zuba ƙwai a cikin laka. Tun 1994 wani masani mai suna Tom Schueler ya tattara binciken da ke nuna cewa lafiyar rafi takan fara taɓarɓarewa da zarar kwalta da siminti da rufi sun mamaye kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ke gangaro masa da ruwa. Unguwar gidaje ta yau da kullum tana zarce wannan mizani tun kafin a gina kasuwa.

Ruwan kuma ba ya tafiya hannu rabbana. Yana wanke man inji da ƙurar birki, da gishirin da ake barbaɗawa a titi don narkar da ƙanƙara, da takin zamanin ciyawar ƙofar gida, da kashin karnuka, da ruɓaɓɓen ganye, da lakar wuraren gini. Mutane da yawa a can ma suna zaton duk wannan yana bi ta matatar da ke tace ruwan bayan gida. A yawancin garuruwan da aka gina a ƙarni na 20 bututun biyu daban-daban suke: na ƙazanta yana zuwa matata, na ruwan sama yana zuwa rafi kai tsaye ba tare da an taɓa shi ba. Wannan bututu na biyu, da kwatoci da kwalbatoci da lambatu da ke haɗe da shi, shi ne abin da lasisin ya shafa, kuma ma'aikata suna kiransa MS4 a taƙaice.

Akwai abin da ya faru a jihar Washington da ke nuna yadda wannan ruwa ke ɓoye sharrinsa. Shekaru da dama kifin salmon nau'in coho yana dawowa daga teku zuwa rafukan kewayen birnin Seattle don ya hayayyafa, sai a gan shi yana juyi a saman ruwa bayan an yi ruwan sama, ya mutu da ƙwai a cikinsa. Sai a Disambar 2020 masu bincike na Jami'ar Washington suka bayyana dalili: wani sinadari mai suna 6PPD da ake sa wa tayar mota don kada ta tsattsage, idan ya haɗu da iska yakan rikiɗa ya zama guba ga wannan kifi. Babu masana'antar da ta zubar da shi. Kowane direba ya bar ɗan nasa a kan titi, ruwa ya tattara.

Yadda aka zo nan

Dokar Tsabtar Ruwa ta 1972 ta kafa ƙa'ida guda mai ƙarfi: duk wanda zai zubar da gurɓataccen abu ta bututu ko rariya zuwa ruwan ƙasa sai ya samu izini. Hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, ta dubi miliyoyin bakunan kwata da ke faɗin ƙasar, ta ga aikin ya fi ƙarfinta, sai a 1973 ta cire ruwan sama daga ciki. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara da ke birnin Washington ta ce ba ta da wannan iko, domin wahalar aiki ba ta soke doka. Aka shafe shekara 10 ana jan ƙafa. A tsakani, wani bincike da hukumar ta gudanar a wurare 28 ta kammala a 1983 ya tabbatar da cewa ruwan titi yana ɗauke da ƙarafa masu guba da ƙwayoyin cuta masu yawa. A Fabrairun 1987 majalisar dokoki ta yi wa dokar kwaskwarima duk da Shugaba Ronald Reagan ya hau kujerar na-ƙi, ta shigar da ruwan kwata cikinta ƙarara.

An fara da manya. A 1990 aka ɗora lasisin a kan biranen da ke da mutum 100,000 zuwa sama, da wuraren gini masu eka 5 ko fiye. A Disambar 1999 aka fitar da zango na biyu, wanda ya kamo ƙananan garuruwan da ke cikin kowane yankin da hukumar ƙidaya ta ɗauka a matsayin maraya mai mutum 50,000 zuwa sama, aka kuma sauko da wuraren gini zuwa eka 1. Aka ba su zuwa Maris na 2003 su nemi izini. A lura da wannan sharaɗi, domin shi ne mafarin ƙorafi: yawan mutanen garin ba shi ne ma'auni ba, maƙwabtakarsa ce. Ƙauye mai mutum 3,000 da birni ya faɗaɗa ya taɓo shi ya shiga. Akwai sassauci ga wanda bai kai mutum 1,000 ba, da wani mai tsauraran sharuɗɗa ga wanda bai kai 10,000 ba, amma bayan kowace ƙidaya sababbin garuruwa suna faɗawa ciki. Ko da hukumar ƙidaya ta sauya yadda take rarraba yankunan birni a 2022, EPA ta yi sauri ta gyara ƙa'idarta a 2023 don adadin 50,000 ya tsaya inda yake.

Abin da takardar ke nema

A yawancin jihohi gwamnatin jiha ce ke rubuta lasisi ɗaya na bai-ɗaya, kowane gari ya aika da takardar neman shiga, ya rubuta shirinsa, ya riƙa miƙa rahoto. Abubuwa 6 ake buƙata. Biyu na farko, wayar da kan jama'a da shigar da su cikin aikin, su ne suka fi sauƙi kuma su ne suka fi jawo wa dokar raini, domin gari yana iya raba ƙasidu 500, ya rubuta gargaɗi a kan murfin kwata, ya kira taron da mutum 4 suka halarta, ya cika fom ya ce ya yi. Akwai sa ido a kan wuraren gini don kada laka ta fita, akwai kuma gyara halin ma'aikatan gari su kansu: share tituna, yashe kwatoci, rufe rumbun gishiri, daina wanke motocin hukuma a bakin rariya.

Biyun da suka rage su ne naman dokar. Na ɗaya, gari ya zana taswirar magudanansa, ya san kowane bakin bututu da inda yake zuba, sannan ya farauto haramtattun haɗe-haɗe. Aikin ba shi da armashi. Ma'aikaci yakan bi rafi a ƙafa bayan an yi kwanaki ba ruwa, ya leƙa kowane bututu. Wanda ya samu yana zuba alhali sama ba ta zubo komai ba, to akwai magana. Sai a bi shi baya, murfi bayan murfi, a zuba rini a masan gidaje a ga ko zai ɓullo, ko a hura hayaƙi a ga inda zai fita. Ta haka ake gano gidan da mai aikin famfo ya haɗa masansa da kwata shekara 40 da suka wuce, da garejin da ke zubar da baƙin mai, da gidan abincin da ke tuttular da ruwan wanke-wanke. Kogin Charles da ya ratsa Boston ya samu makin D daga EPA a 1995, cikin 'yan shekaru ya haura zuwa B, kuma toshe irin waɗannan haɗe-haɗe, tare da gyaran tsofaffin bututun birnin, shi ne babban dalili. Ko da dokar ba ta haifar da komai ba sai taswira, ta biya kuɗinta, domin garuruwa da yawa ba su san abin da ke binne a ƙarƙashinsu ba sai da aka tilasta musu dubawa.

Na biyu, duk sabon ginin da ya kai eka 1 sai ya tanadi yadda zai riƙe ruwansa bayan an gama shi: tafkin tara ruwa, ko rami mai ciyayi da yashi da ke tsotse shi, ko daɓe mai ƙofofi da ruwa ke ratsawa. Mai karatun da ya san tsohon birnin Kano zai gane wannan tafki da ganin farko, domin kududdufi ne aka sa masa injiniya. Ramukan da magabata suka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne suka riƙa karɓar ruwan unguwanni kafin ya gangara Jakara, kuma su ne ake cikewa ɗaya bayan ɗaya ana yanka filaye a kansu, ana kuma shimfiɗe tsakar gidaje da siminti. Abin da ƙaramin garin Amurka ke cin bashi don ya haƙa, shi ake binnewa a can kyauta. Tsarin mulkin Najeriya ma, a jadawalinsa na 4, ƙananan hukumomi ya ɗora wa gina magudanai da kula da su, wato mafi raunin matakan gwamnati, kamar dai yadda Amurka ta yi. Bambancin shi ne babu takardar da za a ɗauka a tambayi shugaban ƙaramar hukuma ina taswirarsa.

Ma'aunin da majalisar Amurka ta gindaya wa garuruwa shi ne su rage gurɓata iya gwargwadon abin da zai yiwu. Wannan jimla roba ce, kowa yana ja ta kai inda yake so. Masana'anta ana ba ta lamba, a ce kada abu kaza ya wuce milligiram kaza a lita, a auna a gani. Gari kuwa shi ke rubuta abin da yake ganin zai yiwu. A 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce barin garuruwa su tsara wa kansu sharuɗɗa ba tare da hukuma ta duba ba, ba tare da jama'a sun tofa albarkacin bakinsu ba, ya saɓa wa doka. EPA ba ta gyara ba sai a Disambar 2016, bayan shekara 13, inda ta ce dole sharuɗɗan su fito fili kuma su zama abin da za a iya aunawa. Daga nan ne lasisin ya fara cizo, daga nan ne kuma kukan ya ƙaru.

Kukan da ke da tushe

Ga abin da masu kare dokar ba su cika son a tuna ba. Lokacin da aka tilasta wa biranen Amurka gina matatun ƙazanta bayan 1972, gwamnatin tarayya ta riƙa biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin, kyauta. Daga baya aka rage zuwa 55. Kwaskwarimar 1987, wadda ta shigo da ruwan kwata, ita ce kuma ta rufe wannan taska ta mai da ita asusun bashi. Wato a takarda ɗaya aka ƙara kaya aka kuma janye tallafi. Manyan birane sun yi nasu aikin da kuɗin tarayya. Da layi ya zo kan ƙananan garuruwa sai aka nuna musu ƙofar rance.

Garin Franklin a jihar Massachusetts, mai mutum kusan 33,000, yana can saman Kogin Charles. Matsalar kogin a yanzu ita ce sinadarin fosfaras, wanda ke ciyar da gansakuka mai guba har ruwan ya koma kore da bazara a hana mutane da karnuka kusantarsa. Lasisin da EPA ta fitar wa jihar a 2016 ya ba garuruwan kogin shekara 20 su rage fosfaras ɗin da ke fita daga kwatocinsu da adadin da aka ƙayyade wa kowanne. Wannan ba aikin ƙasida ba ne. Yana nufin a koma unguwannin da aka gama ginawa tun shekarun 1960 a fasa kwalta, a sayi fili, a haƙa ramukan tsotse ruwa ɗari-ɗari. Franklin da wasu suka garzaya kotu, aka ɗage fara aiki da lasisin zuwa Yulin 2018, daga baya aka sasanta da 'yan gyare-gyare. A jihar kuma akwai dokar 1980 da ta hana gari ƙara jimillar harajin gidaje da fiye da kashi 2.5 cikin 100 a shekara sai da ƙuri'ar jama'a. Duk dalar da za ta tafi kwata daga wannan asusu, daga bakin makaranta ko 'yan kwana-kwana za a cire ta. Wanda ya ce shugabannin irin wannan gari ragwanci ne ke damunsu bai taɓa zama a teburin kasafi ba.

To amma janye lasisin ba ya soke kuɗin, mai biya kawai yake sauyawa. Idan garin sama bai riƙe ruwansa ba, garin ƙasa ne zai gyara gadarsa, kamfanin ruwan sha ne zai ƙara magani, masunci ne zai dawo da koma ba kifi, mai gidan da ke kwari ne zai kwashe ruwa daga ɗakinsa. Waɗannan ba su da ƙuri'a a zaɓen garin sama. Saboda su aka yi dokar tarayya tun farko.

Harajin ruwan sama

Hanyar da ta fi adalci sananniya ce, kuma garuruwa da yawa sun bi ta. A ɗauki hoton gari daga sama, a auna faɗin rufi da kwalta da simintin kowane fili, kowa ya biya gwargwadon abin da ya rufe. Gida ya biya 'yan daloli a wata, babban kanti mai filin mota hekta 3 ya biya ninkinsa sau ɗari ko fiye. Wanda ya haƙa tafki ko ya fasa kwaltarsa a rage masa. Harajin gida yana bin darajar gini, don haka ƙaramin gida mai tsada yakan fi fankacecen filin ajiye motoci biya, alhali filin ne ke aiko da ruwan. Wannan kuɗi kuwa yana bin ruwan kansa.

Siyasa ba ta ƙaunarsa. A 2012 jihar Maryland ta umarci manyan gundumominta 9 da birnin Baltimore su ƙaƙaba irin wannan kuɗi don tsabtace mashigin tekun Chesapeake. 'Yan adawa suka laƙaba masa suna harajin ruwan sama, sunan ya bi shi. Gundumar Frederick, don nuna raini, ta yanka kuɗin santi 1 a shekara. Larry Hogan ya yi yaƙin neman gwamna da shi a 2014, ya ci, a 2015 aka soke tilascin. Abin da ba a faɗa da ƙarfi a wajen gangami ba shi ne wajibin tsabtace ruwan bai tafi ko'ina ba, gundumomin sai sun nuna inda za su samo kuɗin. A wasu gundumomin an cire sunan daga takardar biya, an mai da shi cikin harajin kowa da kowa inda ba a ganinsa, mai ƙaramin gida ya ci gaba da tallafa wa mai babban fili. Laƙabin ya yi nasara ne saboda ya karkatar da ido zuwa sama. Ba wanda ya nemi kuɗin girgije, kuɗin kwalta aka nema.

Kotunan jihohi ma sun sa nasu tarnaƙin. A 1998 kotun ƙolin Michigan ta ce kuɗin da birnin Lansing ya ƙaƙaba haraji ne da aka sauya wa riga, don haka sai da ƙuri'ar jama'a, hukuncin da ya sanyaya gwiwar garuruwan jihar shekaru masu yawa. A Janairun 2023 wata kotun Pennsylvania ta yanke irin wannan hukunci a ƙarar da ke tsakanin ƙaramin garin West Chester da jami'ar gwamnati da ke cikinsa: tunda haraji ne, jami'ar ba za ta biya ba. Garin ya ɗaukaka ƙara. Amma a dubi abin da hukuncin ke nufi a ranar da aka yi ruwa: gine-ginen jami'a da filayen motocinta suna aiko da ruwa cikin bututun gari, lasisin yana wuyan gari, kuɗin yana wuyan mazauna gari. Ita kanta gwamnatin tarayya ta daɗe tana irin wannan zillewa, sai a Janairun 2011 aka sa hannu a dokar da ta tilasta wa ma'aikatunta biyan kuɗin kwata a garuruwan da suke zaune.

Jaki da taiki

Akwai inda garuruwan ke da gaskiya fiye da yadda su kansu suke faɗa. Kwaskwarimar 1987 ta cire ruwan saman da ke gangarowa daga gonaki daga tsarin lasisi baki ɗaya. A yankin Chesapeake noma ne mafi girman tushen sinadaran taki da ke shaƙe ruwan, kuma rage kilo ɗaya na su a gona, ta hanyar shuka itatuwa a bakin rafi ko killace shanu, ya fi rage shi a tsakiyar gari araha nesa ba kusa ba. Amma manomi roƙonsa ake yi, a ba shi tallafi idan ya ga dama, gari kuwa tara ke jiransa. An bar jaki ana dukan taiki. Haka manyan filayen 'yan kasuwa da aka shimfiɗe tun kafin dokar: ruwansu yana shiga bututun gari, ya zama laifin gari. EPA tana da ikon kamo su kai tsaye, amma ta yi shekaru tana ɗari-ɗari da shi. Sai a Satumbar 2022, bayan matsin lambar ƙungiyoyin muhalli, ta bayyana cewa filayen kasuwanci da masana'antu da cibiyoyi masu eka 1 ko fiye na kwalta a yankunan kogunan Charles da Mystic da Neponset za su buƙaci izinin kansu. Shugabannin garuruwa da sun san ciwon kansu, wannan ne abin da za su riƙa yi wa zanga-zangar neman a faɗaɗa.

Dokar tana da wani gibi da ya fi wannan ban mamaki: ba ta san ruwa a matsayin matsala ba, abin da ke cikinsa kawai ta sani. A Janairun 2013 wani alƙalin tarayya a Virginia ya hana EPA ƙayyade yawan ruwan da ke kwarara cikin rafin Accotink, bisa hujjar cewa ruwa ba gurɓataccen abu ba ne a ma'anar dokar, ko da yake ƙarfin ruwan ne ke cin gaɓa yana haifar da lakar da kowa ya yarda gurɓata ce. Ta fuskar karatun doka alƙalin yana da abin kamawa. Ta fuskar rafi kuwa an hana likita taɓa cutar, an ce ya yi fama da alamunta.

Sai batun iyaka. Jihar Pennsylvania tana da ƙananan hukumomi fiye da 2,500, wasu ba su kai unguwa ɗaya ta Kaduna ba, da sakatare ɗaya da ma'aikatan hanya biyu. Rafi guda yana iya ratsa goma daga cikinsu kafin ya kai Kogin Susquehanna, wanda shi ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga Chesapeake. Kowace da dokar ta shafa tana da lasisinta, da injiniyan hayarta, da rahotonta. Tun Oktoban 2008 wani kwamitin majalisar binciken kimiyya ta ƙasa ya ba da shawarar a daina ba da izini bisa iyakar gari, a koma bisa magangarar kogi, a kuma ɗauki yawan ruwa da faɗin kwalta a matsayin ma'auni. Ba a mai da shawarar doka ba. Abin da aka samu shi ne garuruwan da suka gaji suka haɗa kai da kansu.

Lasisin jihar na 2018 ya buƙaci garuruwan da ruwansu ke zuwa Chesapeake su rage lakar da suke fitarwa da kashi 10 cikin 100 cikin shekara 5. A gundumar Luzerne, kewayen garin Wilkes-Barre, ƙananan hukumomi fiye da 30 suka miƙa aikin ga hukumar da tun da can take tace musu ƙazanta, don ta yi shiri ɗaya, ta zaɓi wuraren da gyaran gaɓa zai fi rage laka a kan kuɗi kaɗan ko a garin wa suke, ta kuma karɓi kuɗi bisa faɗin kwalta. Takardun biya suka fara isa gidaje a farkon 2019, zaurukan taro suka cika da masu fushi, laƙabin Maryland ya ƙetaro iyaka. Fushin bai rage komai daga kashi 10 ɗin da lasisin ke nema ba. Hukumar da ta zaɓi tsayawa ita kaɗai kuwa sai ta nemo injiniyanta, ta zana taswirarta, ta haƙa tafkinta a ɗan filin da ya rage mata, ko da gaɓar da ke zubo da lakar tana garin maƙwabta.